Mazauna Ƙetare, a Zo Gida Tun Ana Ganin Juna

Jalingo, wadda ta zama babban birnin Jihar Taraba a 1991, tana da 'ya'ya da dama a Ingila, Amurka, Saudiyya da Malesiya: likitoci, malaman jami'a, ɗalibai da 'yan kasuwa. Abin da ya fi yi musu ciwo a zaman baƙunta shi ne kiran wayar tsakar dare, a ce Baba ko Goggo rai ya yi halinsa.

Musulunci ya yi umarni a gaggauta jana'iza. Wanda ya rasu da hantsi, galibi kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Shi kuwa ɗansa da ke Landan, jirgi zuwa Abuja kaɗai zai ci masa sa'o'i shida ko fiye, sannan ya jira mai sauka a filin jirgin Danbaba Suntai, ko ya wuni a mota. Sai dai ya iske zaman makoki. Kiristocin Taraba sukan ajiye gawa a asibiti har dangi su hallara, amma su ma kuɗin tikiti da takardun zama kan hana wasu zuwa. A 2020, da annobar korona ta sa aka rufe filayen jiragen sama na ƙasa da ƙasa a Najeriya daga Maris zuwa Satumba, ko mai kuɗi bai samu hanya ba.

To, kada dangi su riƙa gorin cewa wane ko kabarin uwarsa bai raka ba. Shi ma kada ya hallaka kansa da da-na-sani, domin nisa ba ya tare addu'a. Yana iya biyan bashin mamaci, ya haƙa rijiya da sunansa, ya riƙe marayu da matar da ke takaba ta wata huɗu da kwana goma. Annabi (SAW) ya yi wa Najjashi, sarkin Habasha, sallar ga'ib daga Madina. Malamai sun saɓa a kan yi wa kowa irinta, Malikiyya ba su tafi a kai ba, don haka a tuntuɓi masani.

Babban gyara kuwa yana wajen hutu. Ranar Sallah tana matsowa da kusan kwana 11 duk shekara, ba kullum take dacewa da hutun makarantun Turai na Yuli da Agusta ba, sai wasu su yi ta ɗage zuwa. A zo ko da damina ce. In an zo, kada hutun ya ƙare a otal ɗin Abuja ko yawon Mambila da Gashaka-Gumti. A zaunar da yara gaban kakanni, su koyi gaisuwa da Hausa, Fulatanci ko Mumuye, su san baffa da kawu, in an dace da lokacinsa, su ga hawan Sallah a fadar Sarkin Muri.

Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Kuɗin da ake fitarwa cikin gaggawa don zuwa ta'aziyya, gara a kashe shi tun tsohon yana iya sa wa jikokinsa albarka.