Stu Ungar: gwanin karta da ya ci duniya sau uku ya mutu da dala 800

Gaisuwa ta musamman ga masu saurarenmu na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Yau kan caca za mu yi magana, musamman hujjar nan da samari ke kafawa in an yi musu faɗa a kan karta ko tikitin ƙwallo a waya: "Ai ni ba sa'a nake bi ba, lissafi nake yi." To bari mu duba rayuwar mutumin da ya fi kusan kowa iya wannan lissafin.

Sunansa Stu Ungar, an haife shi a New York ta Amurka a 1953. Mahaifinsa mai karɓar kuɗin 'yan caca ne, don haka a cikinta ya buɗe ido. Ya bar makaranta yana matashi ya koma wani wasan karta da ake kira jin-rami. Ya gwanance har manyan 'yan wasa suka daina yarda su zauna da shi. Rashin abokin karawa ne ya tura shi wasan foka a Las Vegas.

Ga yadda foka take a taƙaice. Kowa ana ba shi kati biyu a rufe, sannan a riƙa buɗe wasu biyar a tsakiya, kashi-kashi, ana zuba kuɗi. Kana iya ci da kati mai ƙarfi, kana kuma iya ci da burga kawai, ka zuba da yawa har abokin karawa ya tsorata ya janye. A babbar gasar duniya kuɗin shiga dala 10,000 ne, wanda nasa ya ƙare ya tashi.

Salon Ungar shi ne matsi. Ba ya jiran kati mai kyau, kullum yana ƙara kuɗi yana takura mutane, ga kaifin hadda, ga karanta mutum. Akwai karawarsa da Mansour Matloubi, zakaran 1990. Matloubi ya tura duk abin da ke gabansa. Ungar ba shi da komai a hannu sai goma da tara, katin da kowa zai yar. Amma ya auna yadda mutumin ya yi wasa tun farkon zagayen, ya gane burga ce, har ya faɗi katin da yake zaton yana riƙe da shi, ya amsa. Aka buɗe: huɗu da biyar. Ya canka daidai.

Ya lashe gasar duniya a 1980 bayan ya kayar da Doyle Brunson, ya maimaita a 1981. Daga nan hodar iblis da cacar dawakai da ta wasanni suka riƙa cinye abin da karta ta kawo. Ku lura da wannan wurin sosai, domin shi ne ya shafe mu. A teburin foka da mutane yake karawa, kuma ya fi su. A cacar wasanni kuwa da mai shago yake karawa, wanda ya riga ya cusa ribarsa cikin farashin kowane zaɓi. Tikitin wasa goma da ƙaninka ke haɗawa da naira 200 irin wannan ne, kuma kowane wasa da ya ƙara, kason kamfani ƙaruwa yake yi.

Na san halin da ake ciki. Matsalar tsaro ta raba da yawa da gonakinsu a yankinmu, saurayi na zaune ba aiki, waya na hannu. Ba na zagin kowa. Hukuncin addini kuma a fili yake a Suratul Ma'ida, aya ta 90, wannan fagen malamai ne. Ni dai lissafin nake ƙalubalanta.

A 1997 Ungar ba shi da ko kuɗin shiga, sai abokinsa Billy Baxter ne ya biya masa. Ya zauna da tabarau mai shuɗi don ɓoye hancin da hoda ta lalata, ya kuma cinye gasar karo na uku, dala miliyan 1, suka raba biyu. A watan Nuwamban 1998 aka tsinci gawarsa a ɗakin wani ƙaramin otal a Las Vegas, yana da shekara 45, da kusan dala 800 a tare da shi. Likitoci suka ce zuciyarsa ce ta gaza saboda shekarun shaye-shaye.

A tura wa wanda ya kamata ya ji. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.