Gani Ya Kori Ji: Sabon Salon Horar Da Masu Tafiyar Da Aikin Gini

Ran 1 ga watan Nuwamba na 2021, wani bene mai hawa 21 da ake cikin ginawa a unguwar Ikoyi ta birnin Ikko ya rufta, mutane fiye da 40 suka halaka. Ran 12 ga watan Yuli na 2024 kuma ginin wata makaranta ya faɗa wa ɗalibai a Jos, mutum 22 suka rasu. Duk sa'ad da irin wannan ta auku, akan ɗora laifi a kan ɗan kwangila, ko rashin ingancin siminti da rodi. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba, watau wane irin horo ne wanda aka damƙa wa kula da ginin ya samu a jami'a?

Aikin mai tafiyar da gini ya bambanta da na mai zane. Shi ne ke tsara abin da za a fara da abin da zai biyo baya, ya ƙiyasta kuɗi, ya duba yashi da tsakuwa, ya haɗa kan birkiloli da kafintoci da leburori. A bisa tsarin da aka saba, ɗalibi yakan koyi kowane fanni daban, ya rubuta jarrabawarsa daban, alhali kuwa a filin gini gaba ɗaya suke taso wa mutum. Ɗalibi yana iya haddace cewa kankare yakan ɗauki kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake auna shi da shi, amma ba a taɓa gwada shi da maigida mai gaggawa wanda ke son a cire katako bayan kwana uku ba.

Tun cikin 1973 Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, watau ITF, ya kafa shirin SIWES domin toshe wannan giɓi, inda ake tura ɗalibai wuraren aiki na 'yan watanni. Shirin ya yi amfani, sai dai kuma ƙari ne a gefen karatu, bai taɓa ainihin manhaja ba.

Wata jami'a a ƙasar Denmak ta bi wata hanya dabam. Tun da aka buɗe Jami'ar Aalborg cikin 1974, a kan aiki ta kafa koyarwarta. A kowane zangon karatu ɗalibai kan rabu ƙungiya-ƙungiya, kowace ta ɗauki matsala guda ta zahiri, ta ba ta kimanin rabin lokacin zangon, sauran rabin kuwa darussa ne masu tallafa wa aikin. Malami yakan tsaya a matsayin mai ja-gora, daga ƙarshe kuma ɗalibai su kāre rahotonsu baki da baki a gaban masu jarrabawa.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, a bakin aiki magina irinsa suke tashi, suna kwaɓa ƙasa suna miƙa tubali har su iya jera azara.

To, yanzu ƙofa ta buɗe wa jami'o'in Nijeriya. Cikin watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta fito da sabuwar manhaja mai suna CCMAS, wadda ta tsara kashi 70 cikin ɗari na karatu, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da ita. Sashen koyar da gini, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, yana iya mai da wannan kaso aiki guda mai ɗorewa. A shekarar farko ɗalibai su auna fili, su gwada ƙasa. A ta biyu su fitar da lissafin kaya da kuɗi. Daga nan su tsara jadawalin aiki, su gwada bulo da kankare, su rubuta takardar neman kwangila su kāre ta. Filin gwaji ma ba sai an je nesa ba, domin asusun TETFund yana gine-gine a harabar jami'o'in gwamnati.

Ko shakka babu akwai wahala. Aji mai ɗalibai da yawa yana bukatar ƙarin malamai, kuma malaman da suka taɓa riƙe filin gini. A cikin ƙungiya ba a rasa malalaci mai laɓewa bayan 'yan uwansa, shi ya sa tilas a yi wa kowa tambayarsa shi kaɗai. Haka kuma sai an tanadi hular kwano da takalma da inshora kafin ɗan kwangila ya yarda ɗalibi ya shiga filinsa. Nan ne Majalisar Magina ta CORBON, wadda dokar 1989 ta kafa, za ta iya shiga tsakani.

Duk da haka, kuskuren da ɗalibi ya yi a gaban malaminsa, maki kaɗai zai ci. Wanda ya yi bayan an miƙa masa bene mai hawa goma, rayukan jama'a ne a ciki. Icce dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.