Motar Kara da Ruwan Zoɓo a Ajin Firamare

Da zarar an girbe dawa, yaran karkara kan duƙufa wajen ƙera motar kara. Su feƙe ɓawon, su soka shi cikin totuwa, su yanko tayoyi daga tsohon silifas. Idan motar ta riƙa karkata, yaro zai duba ya gano cewa taya ɗaya ta fi 'yar'uwarta girma, ko hudar ba ta zauna a tsakiya ba, ya gyara ya sake turawa. Aikin injiniya ke nan tun daga tushe. Washegari yaron nan zai zauna a aji yana kwafar bayanin kimiyya daga allo, cikin Turancin da bai gama ji ba, hannunsa bai taɓa komai ba sai biro.

Uzurin da aka saba bayarwa shi ne babu ɗakin gwaje-gwaje. Ni dai ban yarda da shi ba, domin ɗan aji biyu ba ya buƙatar irin wannan ɗaki.

A ɗauki zoɓo. A jiƙa shi, a tace, a raba ruwan cikin kofuna uku. A matsa lemun tsami a na farko, jan zai ƙara haske. A zuba ruwan kanwa a na biyu, nan take ya rikiɗe ya yi duhu, ya karkata zuwa kore. Na uku a bar shi don kwatantawa. Sinadarin da ke ba zoɓo launi, wato antosayanin, yana sauya kama gwargwadon tsamin abin da ya haɗu da shi. Malami ba sai ya faɗi wannan suna ba. Ya tambaye su kawai: to in aka sa tsamiya fa? Toka fa? Kowa ya yi hasashe, sannan a gwada. Wannan hasashe kafin gwaji shi ne zuciyar darasin, kuma shi aka fi tsallakewa.

Randa ma malama ce. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bin iska, ya tafi da zafi. Da wannan hikima Muhammad Bah Abba, malami daga Jigawa, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya ci lambar yabo ta Rolex a 2000. Yara za su iya haɗa ƙarama, su sa tumatir ciki, su bar wani a waje, su riƙa dubawa kullum.

A Indiya, injiniya Arvind Gupta ya shiga shirin koyar da kimiyya na Hoshangabad a 1978, ya fara haɗa siffofi da tsinken ashana da robar bawul ɗin keke. Ya shafe shekaru yana ƙera kayan koyarwa daga shara, gwamnatin ƙasar ta karrama shi da Padma Shri a 2018.

Inda gizo ke saƙar a wurinmu shi ne malamin kansa. Wanda aka koyar da shi ta hadda, da wuya ya saki jiki yara su yi ta taɓe-taɓe da surutu, balle a ajin da ya cika maƙil. Kamata ya yi kwalejojin ilimi su sa ɗalibansu su yi waɗannan gwaje-gwaje da hannunsu kafin su fita koyarwa. A aji kuma a kasa yara rukuni-rukuni, kowane rukuni ya kawo kayansa daga gida, wuƙa da reza su zauna a hannun malami, bayanin kuma a yi shi da Hausa.