Ciwon Sanyi Mai Bijire wa Magani: Yadda Ake Gwada Itatuwanmu

Yau za mu taɓo maganar da kunya ke sa a ɓoye ta, alhali tana raba aure kuma tana hana haihuwa, wato ciwon sanyi irin wanda likitoci ke kira gonoriya.

Ƙwayar cuta ce ke haddasa shi, kuma ta hanyar saduwa ake ɗauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 82 suka kamu da shi a 2020. Da can penisilin na kashe ƙwayar, daga baya ta fi ƙarfinsa, ta kuma fi ƙarfin tetrasaikilin da siprofuloksasin. Yanzu allurar seftriyakson ce babban abin dogaro, ita ma a 2018 an samu wani a Ingila da ta kasa warkarwa. Shan rabin magani da sayen ƙwayoyi a tebur na cikin abin da ke ƙara wa cutar taurin kai.

Shi ya sa masu bincike suka waiwayi itatuwa irin su marke, bagaruwa da sabara. To, yaya ake gwajin? Ana busar da ganye ko ɓawo, a niƙa, a jiƙa cikin ruwa ko sinadarin etanol, a tace. Sai a shimfiɗa ƙwayar cutar a faifan gwaji, a ɗora 'yar takarda da aka jiƙa da tataccen ruwan, a ajiye a ɗumi kwatankwacin na jikin mutum kwana ɗaya ko biyu. In ƙwayar ta kasa yaɗuwa kewayen takardar, an samu alama.

Amma alama ce kawai. Abin da ya yi aiki a faifai ba lallai ya yi a jiki ba. Sai an gano sinadarin da ke aikin, a san awonsa, a duba ko yana cutar da hanta da ƙoda, a gwada a dabbobi, sannan mutane. Wannan hanya ce ta kawo mana atimisinin na zazzaɓin cizon sauro, wanda Tu Youyou ta Sin ta samu kyautar Nobel saboda shi a 2015.

Mu a Albarika, jami'ar Parakou mai sashen koyon likitanci tana unguwarmu tun 2001. Yaranmu masu karatu su sa ido kan wannan fanni.

Kafin nan, wanda ya ga fitar mugunya ko zafin fitsari ya je asibiti, a Parakou ko Djougou, a auna shi, domin ba kowane "sanyi" ne gonoriya ba. Mata da yawa ba sa ganin alama, cutar na toshe hanyar ƙwai a ɓoye, tana kuma iya makantar da jariri. Don haka miji da matansa duka su karɓi magani lokaci ɗaya, su dakata da saduwa har kwana 7 bayan kammalawa. Ɓoye wa iyali cuta cin amana ne. Allah Ya ba mu lafiya.