Ruwan da Ya Sauka a Anka, Gummi Za Shi

A watan Agustan 2024 ambaliya ta ci garin Gummi, gidaje suka rushe, gonaki suka nutse. An yi jaje, an kai kayan agaji. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne ko akwai wanda zai iya faɗa tun da wuri cewa ga yawan ruwan da ke tafe, ga kuma lokacin isowarsa. Gulbin Zamfara daga gabas yake gangarowa, ya ratsa ƙasar Anka, ya bi ta Bukkuyum, ya wuce Gummi, sannan ya haɗu da Gulbin Sakkwato su zuba a Kwara. Don haka manomin fadamar Gummi yana iya kwana ba ko yayyafi, ya wayi gari shinkafarsa ta nutse da ruwan da aka yi a wata ƙaramar hukuma.

Duk faɗin ƙasar da ruwanta ke taruwa ya fita ta gulbi guda, ita ce matattarar ruwan wannan gulbi, kuma ba ruwanta da iyakar masarauta ko ta jiha. Lissafinta kuwa ba sihiri ba ne. Milimita 1 na ruwan sama a kan hekta 1 lita 10,000 ne. In aka yi malka ta milimita 50 a kan murabba'in kilomita 1, lita miliyan 50 ke nan suka sauka. Jigawa za ta shanye wani kaso, fako zai tunkuɗe kusan duka, kududdufai su riƙe nasu, sauran ya bi ƙorama. Da yake ba mai iya yin wannan lissafi da biro a kan dubban gonaki da kwazazzabai, sai aka ƙera manhajojin kwamfuta da ke yin sa.

Uku daga cikinsu sun fi shahara, kuma duka kyauta ake sauke su. HEC-HMS, wadda injiniyoyin rundunar sojan Amurka suka ƙirƙiro, tana karɓar ruwan sama ta faɗi yawan wanda zai wuce ta wani wuri a gulbi, sa'a bayan sa'a. 'Yar'uwarta HEC-RAS tana ɗaukar wannan adadi ta shimfiɗa shi a kan taswira, a ga unguwar da zai taɓa da zurfinsa. SWAT kuwa, wadda masu binciken noma na gwamnatin Amurka suka samar tare da jami'ar Texas A&M a farkon shekarun 1990, ta fi dacewa da dogon zango: abin da sare itatuwa ko sauya shuka zai yi wa ruwa da zaizayar ƙasa cikin shekaru.

Matashin da ke son shiga wannan fanni kada ya fara da ko ɗaya cikinsu. Ya fara da QGIS, manhajar zana taswira, ita ma kyauta. A nan zai koyi sauke hoton tudu da kwarin ƙasa wanda hukumar NASA ta ɗauka daga sararin samaniya a shekarar 2000, inda kowane ɗigo yake wakiltar kimanin mita 30, ya sa kwamfuta ta fitar masa da hanyoyin ruwa da iyakar matattara. Kuma ya zaɓi ƙoramar garinsu, wadda ya sani da ƙafarsa, don in kwamfuta ta zana rafi a inda ya san tudu ne zai gane ta yi ƙarya. Bayan wannan sai HEC-HMS. Lissafin sakandare, sabo da Excel da Turancin karanta littafin jagora sun isa mafari, sai kwamfutar tafi-da-gidanka da abin cajinta, wanda a ƙasarmu sau da yawa ya fi darasin wuya.

Wuraren koyo ba su yi nisa ba. Akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna, akwai sashen injiniyan albarkatun ruwa da muhalli a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, wadda tun 1974 take horar da masanan ruwa da yanayi na ƙasashen Sahel, sai dai Faransanci ya fi yawa a can. Ana kuma tallata kwasa-kwasan kwana biyar a otal-otal da intanet. Kafin mutum ya biya, ya tambaya: da bayanan wane gulbi za a yi aikin? In na wani kogin Amurka ne da aka riga aka gyara tsaf, to danna maɓalli kawai zai koyo.

Domin a nan gizo yake saƙar. Manhaja ba ta ƙin amsa. Ko me ka zuba mata za ta fitar da zane mai kyau da launuka, ko da ba shi da alaƙa da gaskiya. Ƙwararre shi ne wanda zai gwada abin da ta faɗa da abin da aka auna a gulbi, ya yi ta gyara har su yi kusa, sannan ya sake gwadawa da wata daminar daban. Ga ruwan sama, akwai hukumar kula da yanayi ta NiMet, akwai kuma bayanan tauraron ɗan'adam irin su CHIRPS da suka faro daga 1981. Amma yawan ruwan da ke gudu a gulbi, sai an je bakinsa. Hukumar NIHSA, mai fitar da hasashen ambaliya duk shekara, da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima mai kula da madatsun Bakolori da Goronyo, su ne ƙofar farko da ɗalibi zai ƙwanƙwasa. Inda ba su da ma'auni, ya fenta nasa a jikin ƙafar gada, a riƙa rubuta tsayin ruwa safe da yamma. Ya auna faɗi da zurfin mashigi, ya jefa kara ya ga daƙiƙa nawa zai yi kafin ya ci mita 20. Ya zauna da sarkin ruwa da masu fito, su nuna masa inda ruwa ya tsaya a jikin bango ko itace a shekarun da ya yi ɓarna. Rashin tsaro ya sa baƙon injiniya ba zai iya shiga yawancin waɗannan ƙauyuka ba, shi ya sa ɗan gari mai horo ya fi ƙwararren Abuja amfani a wannan aiki.

Kuma ba ambaliya kaɗai ba ce. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, 'Yargalma da Bagega, inda niƙan dutsen zinariya cikin gidaje ya kashe yara aƙalla 400. An kankare ƙasar gidaje an binne, ta Bagega sai a 2013. Amma haƙar ba ta tsaya ba, kuma ƙurar da ta kwanta a wurin niƙa, ruwan farko ne ke kwashe ta. SWAT ba za ta auna dalma ba. Abin da za ta yi shi ne nuna inda lakar wani tudu take zuwa ta kwanta, a san wane kududdufi da wace fadama za a fara ɗebo ƙasarsu a kai ɗakin gwaji.

Aikin yi ma akwai. Shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021, na dala miliyan 700 ga jihohin Arewa 19 da Abuja, a kan tsarin matattarar ruwa aka gina shi. Duk wata gada, kwalbati ko ƙaramar madatsa da za a yi tsakanin Anka da Gummi, sai wani ya lissafa ruwan da za ta ɗauka kafin a zuba siminti.