Ƙibar kare ba alamar gata ba ce

Kiwon manyan karnukan ƙasashen waje don gadi ya zama ruwan dare a unguwannin masu hali na Kano, Kaduna, Jos da Abuja. Jaman Shefad ne, Rotwaila ne, ko wani mai gashi buzu-buzu da aka haifi kakanninsa a ƙasar ƙanƙara. An saye shi da tsada, don haka ana so a ga kuɗin a jikinsa. Baƙo ya leƙa keji ya ce "kai, wannan yana samun kulawa," maigida ya ji daɗi, alhali abin da ake yabawa kitse ne da ya lulluɓe dabbar har ba ta iya zagaya gida sau biyu ba tare da ta zube tana haki ba.

Mafarauta ba sa wannan kuskuren. Karen da zai kamo zomo dole cikinsa ya ɗame, ƙugunsa ya tsuke. Karen Azawak na Buzaye, wanda ake kiwo a Nijar da Mali da Burkina Faso, har ƙasusuwan haƙarƙarinsa ana hangowa, kuma haka halittarsa take, ba yunwa ba ce. Ba kowane kare ake so ya kai nan ba, amma siffar lafiya ta fi kusa da tasa fiye da ta wancan na cikin keji.

Akwai binciken da ya kamata duk mai kare ya sani. Kamfanin abincin dabbobi na Purina a Amurka ya bi rayuwar karnuka 48 'yan jinsin Labrado tun suna 'yan kwikwiyo har mutuwarsu, aka fitar da sakamakon a 2002. An haɗa su bibbiyu, 'yan ciki ɗaya, ana ba ɗaya abincin da ya gaza na ɗan'uwansa da kashi 25 cikin ɗari. Waɗanda aka rage wa abinci sun kai kimanin shekara 13, masu ƙoshi kuwa shekara 11 da 'yan watanni. Kusan shekara biyu ke nan, a dabbar da duka rayuwarta ba ta cika wuce goma sha 'yan kai ba. Ciwon gaɓoɓi ma ya yi jinkirin kama marasa ƙibar.

A ƙasarmu akwai ƙarin matsalar da waɗancan karnuka ba su fuskanta ba, wato zafi. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, da haki yake sanyaya kansa. Kitse kuma riƙe zafi yake, ga shi yana takura ƙirji. Idan bazara ta kankama a Maris da Afrilu, zafi ya haura 40 a ma'auni, karen da ya yi teɓa, mai kaurin gashi, a kejin da aka rufa da kwano, yana iya mutuwa cikin yini guda.

To yaya za ka gane? Ido yana ruɗi, musamman a kan mai gashi. Sa hannu. Shafa gefen ƙirjinsa ba tare da dannawa ba: ya kamata ka ji haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda kake jin ƙasusuwan bayan hannunka idan ka shimfiɗa shi. In sai ka danna da ƙarfi kafin ka ji ƙashi, kitse ya yi yawa. Sannan ka tsaya a kansa ka duba ƙasa, ka ga ko jikin ya tsuke bayan haƙarƙari. Ka koma gefe ka ga ko cikin ya ɗage sama zuwa ƙafafun baya. Likitocin dabbobi suna da ma'auni daga 1 zuwa 9, inda 4 da 5 su ne daidai, kuma duk maki ɗaya sama da 5 yana nufin ƙarin kusan kashi goma cikin ɗari na nauyi. Karen da ya kamata ya tsaya a kilo 35, in ya kai maki 7, kusan kilo bakwai na banza yake ɗauke da su a kan gwiwoyinsa dare da rana.

Gaskiyar ita ce da yawa daga cikin masu karnukan nan ba sa taɓa su, sun bar wa maigadi ko yaron gida. Ba laifi, amma sai a koya wa wanda ke kula da shi wannan gwajin, a riƙa tambayarsa.

A nan ma asalin ƙibar yake. Maigadi ya zuba masa abincin buhu da safe. Mai aiki ta juye masa sauran shinkafa da ƙanzo da rana. Yara su jefa masa biskit, maigida ya dawo da dare da guntun balangu. Kowa yana ganin ɗan kaɗan ya bayar, babu mai lissafin jimla. Kare kuwa ba ya cewa ya ƙoshi. Gyaran farko shi ne mutum ɗaya ya riƙe ciyarwa, da gwangwani ɗaya na awo, sau biyu a rana, a ɗauke kwanon bayan ya gama. Duk wani ɗan abin lasawa kada ya wuce kashi goma cikin ɗari na abincin yini. Adadin da aka rubuta a bayan buhu kuma mafari ne kawai. Karen da aka yi wa fiɗiya, ko tsoho, ko mai wuni a ɗaure, bukatarsa ta gaza haka.

Sai a yi hattara da Babbar Sallah. Kitsen rago da ake tara wa kare a kwano guda yana iya kumbura masa wata gaɓa da ke kusa da tumbi, mai taimakon narka abinci, sai amai da ciwon ciki mai tsanani, wani lokaci har mutuwa. Sauran miya ma ba lafiya ba ne, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, dafaffu ko ɗanyu. Cakulan da inabi da zabibi guba ne a gare shi. Dafaffen ƙashi yana tsagewa ya huda hanji.

Wanda karensa ya riga ya yi ƙiba kada ya ce zai gyara da horon yunwa. Abin da likitoci ke nema shi ne raguwar kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari a mako. Ga mai kilo 40, gram 400 zuwa 800 ke nan, aikin watanni. A haɗa da tafiya, da sassafe ko bayan faɗuwar rana, a fara da kaɗan. In tafin hannunka bai iya jure zafin kwalta ba, ƙafarsa ma ba za ta jure ba.

Ba kuma kowane babban ciki ne ƙiba ba. Ɗan kwikwiyo mai tulun ciki da ƙasusuwan baya a waje, galibi tsutsar ciki ce. Babban karen da cikinsa ya cika yana reto alhali jikinsa na ramewa, yana iya zama ruwa ne ya taru saboda ciwon zuciya ko hanta. Wanda yake ƙiba ba tare da an ƙara masa abinci ba, ga kasala, ga zubar gashi, a duba masa ƙwayar maƙogwaro da gwajin jini. Asibitocin dabbobi na jihohi da na koyarwa, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, su ne wurin kai irin wannan. Duk lokacin da aka kai shi allurar rigakafin ciwon hauka, a nemi a ɗora shi a sikeli, a rubuta nauyin da kwanan wata a katinsa, don a samu abin kwatantawa a zuwa na gaba.