Takardar Jikin Gora: Yadda Za Mu Tsara Lebul na Zoɓo da Kunu

'Yan'uwa, a zagayen da muke yi cikin ƙauyuka mun ga yadda sana'ar zoɓo, kunun zaƙi, kunun aya da lemun citta take taimakon gidaje da yawa. Da ita wasu iyaye mata suke biyan kuɗin makarantar yara, da ita wasu ƙungiyoyin Zumuntar Mata suke zuba adashi. Amma akwai abin da muke gani kusan ko'ina: gorunan duka iri ɗaya ne, babu suna, babu kwanan wata.

A wata kasuwar mako da muka ziyarta, mata huɗu suna sayar da zoɓo a ƙarƙashin bishiya ɗaya. Wani yaro ya sha, cikinsa ya ɓaci. Mahaifiyarsa ba ta san gorar wa ya saya ba, sai ta gaya wa maƙwabta su guji zoɓon wurin gaba ɗaya. Matan huɗu duka suka rasa ciniki na makonni, har da waɗanda suke tafasa ruwansu suna wanke gorunansu da kyau. Da akwai suna a jikin kowace gora, da an san inda matsalar ta fito, an gyara. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi bayani a kan 'yar takardar nan da ake mannawa a jikin gora ko kwalba, wadda 'yan kasuwa suke kira lebul.

Darasi daga wasu ƙasashe

Masu sana'ar abin sha sun daɗe da gane amfanin alama. A Ingila, ran 1 ga Janairu 1876, alamar kasuwanci ta farko da aka yi wa rajista ita ce ta kamfanin giya mai suna Bass. Alamar kuwa ba wani zane mai wuya ba ne, ja ce kawai mai kusurwa uku. Ko wanda bai iya karatu ba, in ya hango ta daga nesa ya san kayan wane ne. A Amurka kuma, a 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta ba mutane izinin dafa giya a gida domin shan iyali, ban da sayarwa. Masu yin haka suna zana lebul nasu domin ado, da kuma tuna ranar da suka ɗura kwalba.

Mu ba giya muke koyarwa ba, amma akwai dabarun manna takarda da za mu iya ara daga wurinsu. Sai dai nauyin da ke kanmu ya fi nasu. Su suna ba abokai kyauta, mu kuwa sayarwa muke yi ga mutumin da bai ga tukunyarmu ba. Abin da muka rubuta a jikin gora alkawari ne muka yi masa.

Abubuwa bakwai da za a rubuta

1. Sunan abin sha. A rubuta shi da manyan baƙaƙe: ZOƁO, KUNUN AYA, LEMUN CITTA. Wannan shi ne rubutu mafi girma a kan takardar.

2. Sunan mai yi ko na ƙungiya, da ƙauye, da lambar waya. Mai shirin biki da ya sha ya ji daɗi, ta nan zai neme ku ya ba ku aikin gora ɗari.

3. Kayan haɗi. A jera su daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙanƙanta. Misali: ruwa, sukari, zoɓo, abarba, citta, kanumfari. In an sa kala, ko garin ƙanshi na leda, ko sakarin a maimakon sukari, a rubuta. Mai ciwon sukari yana bukatar sanin abin da ke ciki. Haka kuma akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa, madara ko waken soya, har numfashinsu ya kan sarƙe in sun ci. In ɗaya daga cikinsu yana ciki, a ja layi a ƙarƙashin sunansa.

4. Yawan abin da ke ciki. In gorar rabin lita ce, a rubuta 50cl, a kuma cika ta daidai kowane lokaci. Gorar da aka rage mata yatsa biyu daidai take da mudun da aka lotsa wa gindi.

5. Ranar da aka dafa.

6. Ranar da bai kamata a wuce ba a sha ba. A rubuta sunan wata, kamar 12 Maris, domin in aka sa 03/04 wani zai ce Maris, wani ya ce Afrilu.

7. Yadda za a ajiye. Misali: A ajiye a wuri mai sanyi. A girgiza kafin a sha.

Ta yaya za mu san ranar lalacewa?

Kada mu kwafi kwanan wata daga lemun kanti. Shi an sa masa maganin hana lalacewa, an kuma rufe shi da inji. Namu kuwa yana da rai a cikinsa. Akwai ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda suke cin sukarin da ke cikin kunu suna fitar da tsami da iska. Irin wannan aikin ne yake mai da dawa burukutu. Shi ya sa gorar kunun da ta kwana a zafi take kumbura, in an buɗe ta yi tsartuwa. Kunun aya ya fi saurin lalacewa: lokacin bazara, in babu ƙanƙara, wanda aka yi da safe ya kan juya kafin dare.

Ga gwajin da kowace mai sana'a za ta iya yi. A ware gora uku daga dahuwa ɗaya, a ajiye su daidai yadda ake ajiye na sayarwa. A riƙa dubawa safe da yamma, ana sansanawa, ana matsa gorar a ji ko ta yi tauri. A rubuta lokacin da ta fara canzawa, sa'an nan a sa ranar lebul ta zo kafin wannan lokaci. A sake gwajin da bazara, domin abin da ya kwana biyu cikin hunturu ba lalle ya kwana ɗaya a watan Afrilu ba. Mu tuna kuma cewa ƙwayoyin cutar taifod da kwalara ba su da wari ko ɗanɗano. Tafasasshen ruwa da wanke hannu da sabulu ne suke kare mai saye daga gare su.

Abin da ba za a rubuta ba

Kada a rubuta cewa zoɓonmu yana maganin hawan jini, ko citta tana warkar da taifod. Mai ciwo zai iya barin maganinsa na asibiti saboda rubutunmu, alhakinsa kuwa yana wuyanmu.

Kada a ƙirƙiri lambar NAFDAC, kada kuma a kwafi ta wani. An kafa wannan hukuma a 1993 domin kula da abinci da magunguna a Nijeriya, ita ce kaɗai take ba da lambar, bayan ta duba wurin aiki ta kuma gwada kayan. Sa lambar ƙarya laifi ne a gaban doka. Ƙungiyar da take so ta kai kayanta kantunan birni, sai ta je ofishin hukumar a babban birnin jiharta ta nemi bayanin rajista. Ƙa'idar hukumar ta bukaci rubutun lebul ya kasance da Turanci, ba ta kuma hana a ƙara da wani harshe ba. Saboda haka yana da kyau tun yanzu mu saba rubuta Hausa da Turanci tare.

Kada a bar tsohon lebul na kamfanin ruwa ko na lemu a jikin gorar da muka sake amfani da ita. A ɓare shi duka. Sabuwar gora mai sabon murfi ta fi. In dole ne a yi amfani da tsohuwa, a san inda ta fito. A guji wadda aka tsinto a bola ko a harabar asibiti, da wadda aka taɓa zuba fetur, kananzir ko maganin feshi a ciki.

Yadda za a tsara shi

Da farko a zagaya gorar da zare, a auna zaren da rula, domin a san faɗin da takardar za ta ci. Ga gorar rabin lita, takarda mai faɗin santimita 10 da tsawon santimita 7 ta isa. Farar takardar A4 tana da santimita 21 a faɗi da 29.7 a tsawo, wato za a sami lebul 8 a kowace ɗaya: biyu a jere, layi huɗu. A raba kuɗin buga takarda ɗaya gida takwas, a ƙara a kan kuɗin kowace gora, don kada riba ta tafi a nan ba a sani ba.

A zaɓi alama ɗaya mai sauƙi: tulu, tauraro, ganye, ko tsuntsu. A bincika kada ta zama ta wani a kasuwar. In an zaɓa, kada a riƙa canzawa, gama tsohuwar da ba ta karatu da yaron da aka aika da ita za su gane kayanku. Kala biyu sun isa. Zoɓo ja ne mai duhu, don haka farar takarda da baƙin rubutu ta fi fitowa a jikinsa. A bar fili babu rubutu inda za a sa kwanan wata da hannu, ko da hatimin kwanan wata irin na ofis.

Ana iya zana shi da hannu a kai shagon hoton takarda, ko a sa wani matashi ya tsara a waya da manhaja irin su Canva. Kafin a buga da yawa, a buga ɗaya, a manna, a tsaya taku biyar daga gorar. In ba a iya karanta sunan ba, a ƙara girmansa. A ba mutum biyu su duba kuskuren rubutu, musamman lambar waya.

Maganar ruwa da ƙanƙara

Gora tana zufa in ta fito daga kula, nan ne lebul da yawa suke lalacewa. Tawadar ƙaramin firinta mai ruwan kala tana zuba da zarar ta jiƙe. Ta injin hoton takarda da ta firintar leza ba ta zuba, domin gari ce da zafi ya narkar a jikin takarda. A tambayi mai shago wane iri yake da shi.

Masu dafa giya a gida a Turai da Amurka sukan shafa 'yar madara a bayan takarda su manna a kwalbar gilashi. Tana kamawa in ta bushe, tana kuma fita da sauƙi wajen wanki. Kokon sitaci na rogo ma yana yin wannan aiki. Amma dukansu ba su riƙe jikin roba sosai, kuma suna saki a cikin ruwan ƙanƙara. Ga gorar roba, a yi amfani da takardar sitika, ko a rufe lebul ɗin duka da faffaɗan salatif mai haske, bayan an rubuta kwanan wata. A manna tun gorar tana bushe, kafin ta shiga sanyi. A gwada ɗaya cikin bokitin ruwa na awa uku kafin ranar kasuwa.

Littafin dahuwa

A ƙarshe, a sayi ƙaramin littafi. Duk ranar da aka dafa, a rubuta kwanan wata, wadda ta dafa, inda aka ɗebo ruwa, da yawan gorunan da aka ɗura. In ƙorafi ya zo, ranar da ke jikin gorar za ta kai mu shafin da ya dace, mu janye sauran kafin wani ya sha.

Tambayoyi domin tattaunawa a taron ƙungiya

1. Wace alama ce za ta dace da ƙungiyarmu, wadda kowa a ƙauye zai gane?

2. Daga ina gorunanmu suke fitowa, kuma wa yake wanke su?

3. Me za mu yi da kunun da ranarsa ta wuce ba a sayar ba?

Muna roƙon kowace ƙungiya ta zo da gora ɗaya mai lebul a taronmu na gaba, domin mu duba tare mu gyara wa juna. Allah ya sa albarka a aikin hannuwanku.